Yadda Ake Sake Haɗa Akwatin Kifin Ado Bayan An Tashi Daga Gida

Lokacin da muka tashi daga Kaduna muka koma Zariya, kifayena 14 duk sun iso da ransu. Tafiyar ba ta wuce kilomita 80 da 'yan kai ba, gilashin akwatin ko tsagewa bai yi ba, kafin magariba na cika shi da ruwa na mayar da kowa ciki. Har hoto na ɗauka na tura wa abokai. Rana ta huɗu na fito alwalar asuba, na tarar biyu sun yi rigingine a saman ruwa, sauran kuma sun taru a sama suna buɗe baki suna rufewa kamar waɗanda aka shaƙe. Kafin mako ya zagayo, biyar suka rage mini.

Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Ranar da ake ɗaure kaya, ƙanwar maiɗakina ta ga soson cikin filta, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauka ta wanke shi da garin sabulu, ta ɗauraye a famfo, ta shanya a igiya. Ta kawo mini shi ya bushe ƙayau, ta ce, "Yaya, ka ga yadda ya yi fes? Da fa kamar daga kwata aka tsamo shi." Ni kuma na ce mata, "Sannu da aiki, Allah ya yi albarka," domin a lokacin sanina bai wuce nata ba.

Wannan dauɗar da ta wanke ita ke riƙe da ran kifayen. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama, amoniya kuwa guba ce. A akwatin da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya amoniyar ta koma naitirayit, wanda shi ma guba ne, sai wani rukunin ya juya shi ya koma naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi har ranar canjin ruwa. Ƙwayoyin nan kaɗan ne ke yawo cikin ruwa. Yawancinsu manne suke a jikin soson filta da tsakuwa da duwatsu. Bushewa tana kashe su, kulorin (sinadarin da ake sawa a ruwan famfo) da sabulu suna kashe su, rashin iska ma yana kashe su. In kuwa suka mutu, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su sake taruwa yadda za su iya da dattin kifayenka. Saboda haka duk tsarin da zan kawo an gina shi ne a kan isa da su sabon gida da rai, da mayar da su bakin aiki da wuri.

Kafin mota ta tashi

Rabin aikin sake haɗawa tun a tsohon gida ake yin sa. Ka daina ba kifayen abinci kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi. Babu abin da zai same su. Lafiyayyen kifi yana yin kwanaki bai ci ba, kuma wanda cikinsa ba komai ba ya ɓata ruwan da aka ɗauko shi a ciki.

Ranar tashin, ka fara kashe hita, wato na'urar ɗumama ruwan, ka bar ta cikin ruwa kamar minti 20 ta huce, domin in ka zaro ta da zafinta gilashinta na iya fashewa. Sai ka zuƙe ruwan sama da tiyo zuwa jarkoki tun ba ka taɓa tsakuwa ba, lokacin ruwan yana garau. Rabin ruwan akwatin ya isa. Jarkar kuma ta zama wadda ruwa kaɗai ta sani. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, a bar ta. Soson filta da sauran abin da ke cikinta ka tsoma su a bokitin ruwan akwatin yadda suke, da dauɗarsu. Tsakuwa ma a bokiti, da ɗan ruwa ya rufe ta. Tsirrai a leda mai danshi.

Kifayen a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska, a ɗaure bakin da kyauro, a jera cikin kula a rufe. Duhu yana kwantar musu da hankali, kula kuma tana riƙe yanayin ruwan. Masu ƙaya irin dangin tarwaɗa suna huda leda, su bokiti mai murfi ya fi dacewa da su. Mafaɗata irin oska da beta kowa da ledarsa.

Akwatin kuwa wayam za a ɗauke shi. 'Yan dako za su ce maka, "Yallaɓai, bar ruwan haka, mu huɗu ne, za mu iya." Za su iya ɗin, amma gam ɗin silikon da ke haɗe da gilasan ba zai iya ba. Ɗan ruwa da tsakuwa suna tangaɗi a ciki sun isa su buɗe haɗin ƙasa, kuma ba lallai ka gani a ranar ba. A hanya kular kifi ta zauna kusa da kai cikin mota, kada a ɗora ta bayan a-kori-kura rana na dukanta.

Da isa, a fara sauke baƙi

Kuskuren da na yi na biyu shi ne gaggawa. Ina ganin kifi a leda hankalina ya tashi, na haɗa komai a guje. Abin da ya fi shi ne ka yi musu masauki. Ka samu babban baho ko robar ruwa mai tsabta, ka zuba tsohon ruwan da ka zo da shi jarka ɗaya ko biyu, ka jefa soson filtar a ciki, ka kunna injin da ke hura iska cikin ruwa, sannan ka saki kifayen. Ka rufe da raga ko murfi mai ƙofar iska, domin kifin da ya firgita yana tsalle, kuma in gidan da kyanwa ka san sauran. A wannan masaukin za su iya kwana biyu lafiya lau, ƙwayoyin soson ma suna samun iska suna ci gaba da aikinsu. Kai kuma ka samu sararin yin sauran aikin a natse.

In filtarka irin mai gwangwani ce da ke zama a ƙasan teburi, kuma ta yi awanni a rufe ba ta aiki, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta. Ka shinshina: in ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan ya lalace, kada ɗigonsa ya shiga wurin kifi.

Inda akwatin zai zauna

Ka yi lissafin nauyi tukuna. Tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000, shi ne yawan lita. Nawa yana da tsawon santimita 90, faɗin 40, zurfin 45, wato lita 162. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka haɗa da gilashi da tsakuwa da duwatsu, ana maganar kusan kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu kenan, kuma a wuri ɗaya za su zauna dare da rana. Teburin da aka yi da matsattsen garin katako, irin wanda ke kumbura in ya sha ruwa, ba ya wannan aikin. A samu na ƙarfe ko na katako mai ƙwari, kuma samansa ya tallafi gindin akwatin gaba ɗaya, kada wani gefe ya leƙo waje.

Sai wurin. Ka nisanci taga da rana ke shigowa, don tana ɗumama ruwa kuma tana kawo gansakuka. Ka nisanci bakin ƙofa inda yara ke shigowa da gudu, da kicin, da saitin na'urar sanyaya ɗaki. Ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango saboda wayoyi da tiyo. Ka tabbata akwai soket kusa, amma ba a ƙarƙashin akwatin daidai inda ruwa zai ɗiga ba. Ka yi tunani sosai kafin ka yanke, domin in ka cika shi, matsar da shi ko da taku ɗaya ne sai ka sake kwashe ruwan.

Sabon gida yana da nasa tarkon da ba kowa ke tunawa ba. Yawanci kafin a tare an yi fenti, an yi feshin sauro da kyankyasai. Magungunan ƙwarin nan suna kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa, kuma injin iska yana zuƙar iskar ɗakin ne ya tura ta cikin ruwan kai tsaye. In ɗakin har yanzu yana warin fenti ko feshi, ka buɗe tagogi, ka ajiye masaukin kifayen a wani ɗakin sai warin ya fita.

Daɓen gidajenmu ba kasafai yake miƙe daidai ba, ko da tayil ne. Ka ɗora akwatin, ka zuba ruwa kamar zurfin yatsa uku, ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga bakin akwatin zuwa saman ruwan a kusurwoyi huɗu. Ruwa ba ya ƙarya. In awon ya bambanta, ka kwashe ruwan ka yi ciko a ƙarƙashin ƙafar teburi da siririn katako ko ƙarfe. Kada ka cusa ciko a ƙarƙashin gilashin kansa. Karkacewar da ta fi haɗari ita ce ta kusurwa da kusurwa, wadda ke murɗa akwatin. Ita ce ke sa gindi ya tsage wata rana da tsakar dare. In akwatinka gilashi ne zalla marar firam a ƙasa, irin wanda masu yankan gilashi ke haɗawa, ka shimfiɗa masa farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin talabijin, domin ƙwayar yashi ɗaya tsakanin gilashi da teburi ta isa ta fasa shi. Mai firam ɗin roba a ƙasa ba ya buƙatar shimfiɗa, a kan firam ɗinsa aka yi shi ya zauna.

Gwajin yoyo

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa. Ka haska tocila ka bi duk haɗin silikon da ido da yatsa, kana neman inda ya ɓanɓare ko ya yi kumfar iska a ciki. Ka duba kusurwoyi ko an ɓalgace su a hanya. Sai ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi da kewaye, ka cika akwatin da ruwan gidan har sama, ka goge jikinsa ya bushe, ka yi alama a iyakar ruwan, ka bar shi ya kwana. In da hali ya cika awa 24. Jarida ba ta ɓoye ɗigo.

In ka ga yoyo, kwashe ruwan za ka yi, ka kankare tsohon silikon na wurin da reza, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka sa sabo, domin sabon silikon ba ya kama tsoho. Ka nemi silikon zalla. Wanda aka yi don banɗaki da kicin galibi an haɗa shi da maganin hana fumfuna, shi kuma guba ne ga kifi. A ba shi aƙalla kwana biyu ya bushe, a sake gwaji. Gilashin da ya tsage kuwa ba a liƙe shi, canza shi ake yi.

In akwatin yana buƙatar wanki, ruwa da tsumma mai tsabta sun isa. Farin tabon da ruwa ke bari a jikin gilashi yana fita da ruwan khal ko lemon tsami, a ɗauraye sosai. Sabulu kada ya kusance shi.

Tsakuwa da kayan ado

A nan ra'ayi ya rabu, ni ga nawa. In tsakuwar ba ta wuce kwana ɗaya a bokiti ba, kuma ba ta wari, ka girgiza ta sau ɗaya ko biyu cikin tsohon ruwan akwatin, ka tsiyaye ruwan dattin, ka mayar da ita. Ka rage laka, ka bar ƙwayoyi. In kuwa ta yi kwanaki a rufe, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwan nan, ko ka ga ta yi baƙi a ƙasa, to ka wanke ta tas har ruwan ya fito garau. Ƙwayoyin da ke jikinta sun riga sun tafi, abin da ya rage shi ne guba. Soson filta shi zai ɗauki nauyin.

Manyan duwatsu a fara ajiye su a kan gilashin a hankali sannan a zuba tsakuwa kewaye da su. In ka ɗora su a kan tsakuwa, kifi mai tono zai ƙwaƙule ƙarƙashinsu su faɗo. Kaurin tsakuwa santimita 3 zuwa 5 ya wadatar. Kada ka ɗebo sabon dutse daga ragowar ginin gidan ka jefa. Siminti da farar ƙasa suna sauya ruwa. Tsirrai kuma sai ruwa ya kai rabi ake dasa su, ya fi sauƙi. Ka maido da wuraren ɓuya da yawa, ko da tsarin bai yi maka kyau a ido ba a makon farko.

Maganar ruwa

Ruwan sabon gida ba ruwan tsohon gida ba ne, ko da unguwa ɗaya ce. Wannan ne dalilin ɗauko tsohon ruwa: ba don ƙwayoyin ba, sai don kada jikin kifi ya ji sauyin lokaci guda. Ka fara tambayar maƙwabta daga ina ruwan yake.

In na famfon gwamnati ne, ka ɗauka akwai kulorin. Maganin kashe kulorin na kwalba da masu sayar da kayan kifi ke da shi yana aiki nan take; ka bi awon da ke jikin kwalbar. In babu, ka tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi ka sa masa injin iska kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin zai fice. Sai dai akwai ɗan'uwansa kuloramin da wasu ma'aikatun ruwa ke amfani da shi, shi ajiya ba ta kore shi, sai maganin. Shi ya sa na fi son kwalbar, ba ta da tsada kuma tana daɗewa.

In na burtsatse ne, ba kulorin, amma ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yana da ƙarancin iskar da kifi ke shaƙa, wani kuma yana da ƙarfe, shi ya sa za ka ga ya yi ja-ja in ya kwana. Ka bar shi ya kwana da injin iska kafin ka zuba. In na 'yan garuwa ne, ba ka san inda aka ɗebo ba, ka sa masa maganin kulorin kuma ka bar shi ya kwana. Sannan ka tambaya ko maigidan yana zuba wani magani a rijiya ko tankin sama. Tankin saman nan baƙi ma, da azahar a watan Afrilu ruwansa har ƙona hannu yake yi. Da sassafe ake ɗiba.

Wajen cikawa, ka ajiye faranti a kan tsakuwa ka riƙa zubawa a kansa don kada ruwan ya tone ta. In ruwan da ka yi gwajin yoyo da shi ne za ka yi amfani da shi, ka kwashe shi a jarkoki ka sa masa magani, ya ma riga ya kwana. Ka zuba sabon ruwan da aka gyara zuwa rabi, ka ƙara da tsohon da ya rage a jarkoki, ka bar gurbin wanda ke masaukin kifayen. Ruwan zai yi ɗan duhu na awanni, ba komai.

Filta, iska da hita

Sai ruwan ya zama babu kulorin a cikinsa sannan soson ya shiga. Ka ciro shi daga masauki, ka matsa shi sau ɗaya a hankali cikin bokitin tsohon ruwa in ya toshe, ka mayar cikin filta. Filtar da ake ratayawa a baya a cika ta da ruwa kafin a kunna, in ba haka ba injinta zai yi ta juyawa a bushe. Kada ka ce tunda sabon gida ne bari ka sa sabon soso. In ma dole ne, a sa sabon kusa da tsohon su yi wata guda tare.

Injin iska a ajiye shi sama da iyakar ruwa, ko a sa wa tiyonsa ɗan abin nan da ke hana ruwa komawa baya. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne: wuta na tafiya ruwa zai iya bin tiyo ya gangaro, ya lalata injin, ya jiƙa maka kafet. Kowace waya kuma a bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa zai sauka a ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga wuta.

Tunda an zo maganar wuta, ka san yadda wutar sabuwar unguwar take tun kafin ka tare. Ƙaramin injin iska mai batir, ko wanda ake jonawa da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, shi ne kayan da ya fi kowanne amfani a wurina. Filtar soso mai aiki da iska ma ta fi dacewa da mu, wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola ta riƙe ta. In komai ya ƙare maka, ka ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama lokaci-lokaci.

Hita a nutsa ta, a jira minti 20 sannan a kunna. Yawancin kifayen ado irin su gufi da moli da anjel suna son maki 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Kifin gwal ya fi son ƙasa da haka. Da hunturu a Zariya ko Kano ko Jos, inda dare kan sauka ƙasa da maki 15, hita dole ce. Da bazara kuwa matsalar juyewa take yi, ruwa ya yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu. A ɗaga murfi, a sa raga, a saita fanka tana kaɗa saman ruwan. Ka bar komai ya yi aiki awa ɗaya ko biyu, ka ga ma'aunin zafi ya tsaya wuri ɗaya.

Mayar da kifayen

Ka kashe fitilar akwatin, ka rage hasken ɗakin. Ka auna zafin ruwan masauki da na akwati. Bambancin kada ya wuce maki ɗaya ko biyu. Sai ka riƙa ɗibar ruwan akwatin kofi-kofi kana zubawa a masaukin duk bayan minti biyar, har tsawon rabin awa ko fiye, yadda ruwan biyu za su saba. Daga nan ka kamo su da raga ka saka. Masu sanyin hali su fara shiga su kama wuri, mafaɗatan su biyo baya. Ruwan masaukin in bai ƙazantu ba a ƙarasa cika akwatin da shi.

Ga wanda bai yi masauki ba, kifinsa na leda: a ɗora ledar a rufe a saman ruwan minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita. In tafiyar gajera ce, a buɗe a riƙa ƙara ruwan akwati kaɗan-kaɗan. In kuwa sun yini a leda, kamar wanda ya taso daga Legas zuwa Kano, kada a ja lokaci bayan an buɗe. Dalili shi ne numfashinsu ya sa ruwan ledar ya yi ɗan tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniyar da ta taru. Ana buɗewa iska ta shiga, tsamin ya ragu, dafin ya tashi. A tsamo su da raga nan da nan, ruwan ledar kuma a zubar a waje.

Za ka ga launinsu ya kwashe, sun laɓe bayan duwatsu. Haka suke yi. Ka hana yara ƙwanƙwasa gilashi, ka bar fitila a kashe sai gobe, kuma kada ka ba su abinci ranar.

Mako biyu na farko

Ko ka yi komai daidai, wasu ƙwayoyin sun mutu a hanya, kuma a waɗannan kwanakin ne abin ke bayyana. Abinci ya fara washegari, ɗan kaɗan, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, rana ɗaya a ba su rana ɗaya a tsallake har mako ya cika. Wannan sai ka sanar da duk mutanen gidan, domin kowa ya wuce sai ya ji tausayinsu ya barbaɗa musu. Ni ɓoye gwangwanin nake yi.

Ka samu kayan gwajin ruwa, na ɗigawa ya fi na takarda gaskiya. A jiki za ka ga an rubuta NH3 na amoniya, NO2 na naitirayit, NO3 na naitiret. Ka gwada kullum da safe kafin abinci. Biyun farko sifili ake so. Na ukun ya tsaya ƙasa da 40. In amoniya ko naitirayit ya kai 0.5, ka canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan a ranar, da ruwan da aka kashe wa kulorin mai zafi daidai da na ciki, ka dakatar da abinci, gobe ka sake gwadawa. Amoniya ta fi dafi a ruwa mai ɗumi, don haka wanda ya tashi da bazara ya ninka sa ido. In naitirayit ne ya ƙi sauka, gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kowace lita 20 yana rage shigarsa jinin kifi. A narka shi a kofi kafin a zuba, kuma a tuna gishiri ba ya bin tururi, sai ruwan da aka kwashe kaɗai ake mayar wa nasa.

In ba ka da kayan gwaji, kifin ne ma'auninka, sai dai shi yana faɗa ne bayan abu ya yi nisa: taruwa a sama ana haki, manne fukafukai a jiki, kwanciya a ƙasa, ƙin abinci. Kada ka jira haka. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu har mako biyu. Wanda sosonsa ya bushe ko aka wanke masa, irin abin da ya same ni, ya ci gaba da hakan har mako shida, kuma ya roƙi wani mai akwatin da ya daɗe, wanda kifinsa ke lafiya, ya yanko masa ɓangaren tsohon sosonsa a leda da ruwa. Babu abin da ya kai wannan saurin gyara.

Ruwa yana iya yin fari-fari kamar an ɗiga madara a kwana na biyu ko na uku. Wasu ƙwayoyin ne suka yi yawa, da kansa yake washewa cikin 'yan kwanaki. A ƙara iska kawai, kada a kwashe komai a ce za a wanke. Abin da za a sa wa ido shi ne fararen ɗige-ɗige a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Wannan cutar tana bin wahalar tafiya da sanyi. Akwai maganinta a wurin masu kayan kifi. In filtarka tana da gawayin tace ruwa a ciki, a cire shi kafin a sa don yana shanye magani, kuma a ci gaba da sawa kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, domin maganin yana kama ƙwayar ne lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa. Kafson mutane da wasu ke fasawa su zuba, da shuɗin maganin kifin nan da ake kira metilin bulu, duk suna kashe ƙwayoyin filta. In dole ne a yi amfani da su, a ware majinyacin a baho.

Fitila awa shida a rana ta isa a farko. Sabon kifi kuma a haƙura da shi, ko da an ga mai kyau a kasuwa, sai an yi mako biyu a jere gwaji yana nuna sifili. Sannan a ƙaro biyu ko uku, a sake jira. Duk daren da za a yi feshin sauro, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi bayan an gama, sai warin ya fita a kunna.

Bayan wata guda, in ka ga ruwan filta ya rage gudu, lokacin taɓa soson ya yi. Ranar canjin ruwa ka tara wanda ka zuƙo a bokiti, ka tsoma soson ka matsa sau biyu ko uku, ka mayar da shi yana nan da launin ƙasa-ƙasa. Ruwan bokitin ni gindin zogale nake kai shi. A murfin filtar kuma na rubuta da baƙin alƙalami, da manyan baƙaƙe: KADA A WANKE. Ƙanwar tamu duk ta zo hutu sai ta karanta ta yi dariya.